Girkin masu wankin ƙoda daga Agege: abin da ke cikin kular, roba bayan roba

A Agege da ke Legas akwai wata Hajiya da ta mayar da kicin ɗin gidanta wurin dafa wa masu ciwon ƙoda abinci. Ba shago, ba allo a ƙofa. Ta WhatsApp ake yin oda, ɗan aike ya kawo a babur sau biyu a mako cikin kula mai ƙanƙara. Yawancin masu sayen nata Hausawa ne na Agege da Mile 12 da Idi-Araba masu zirga-zirgar wankin ƙoda a asibitin koyarwa na LUTH ko na LASUTH da ke Ikeja ko asibitin Gbagada, sai kuma waɗanda aka kawo jinya daga Arewa suka sauka a gidan dangi. A kan kowace roba an manna takarda mai cewa abinci ne mai yawan furotin domin masu ciwon ƙoda, an kuma jera kayan haɗin da nauyin kowanne. Wannan jerin shi ya ba da damar a auna girkin da lissafi maimakon a tsaya ga ɗanɗano, kuma ta cancanci yabo a kansa, domin masu abincin sayarwa kaɗan ne ke yarda su faɗi abin da suka zuba a tukunya.

Sai dai kuskuren farko yana kan takardar kanta. A wajen cin furotin, masu ciwon ƙoda kashi biyu ne, kuma abin da ke gina wannan shi ke rushe wancan. Wanda ƙodarsa ta yi rauni amma bai kai ga wanki ba, wato mataki na 3 zuwa na 5, rage masa furotin ake yi, saboda dattin da furotin ke bari a jini ƙodar ce ke fitar da shi, kuma ta riga ta gaza. Ƙa'idojin da gidauniyar ƙoda ta Amurka ta sabunta a 2020 sun ba shi giram 0.55 zuwa 0.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai ciwon suga kuma 0.6 zuwa 0.8. Mutum mai kilo 60 ke nan bai wuce giram 33 zuwa 36 ba. Da zarar ya hau na'ura, lissafin ya juya: giram 1.0 zuwa 1.2 a kan kilo, wato 60 zuwa 72 ga wannan mutumin dai. Dalili kuwa shi ne na'urar ba datti kaɗai take kwashewa ba, tana tafiya da tubalan furotin kimanin giram 6 zuwa 12 a kowane zama, ga kuma rashin marmarin abinci da ke bin ciwon. Shi ya sa ake ganin mai wanki ƙafa a kumbure, amma kafaɗa da cinya sun zube.

Kason rana ɗaya na Hajiya ya kai giram 60 zuwa 65 na furotin. Ga mai wanki daidai ne. Ga wanda bai fara ba, kusan ninki biyu ne na abin da ya kamata. Kuma a takardar odar babu inda ake tambaya ko majinyacin ya fara wanki, balle sau nawa a mako. Ɗan uwa mai kyakkyawar niyya zai ga an rubuta ƙoda, ya saya wa Baba da ke mataki na 4, ya ɗauka taimako ya yi. Wannan layi ɗaya ne da ya kamata a ƙara a takardar tun jiya.

Tambayar sau nawa a mako ma ba ta banza ba ce a Legas. Ƙa'ida ita ce zama uku na awa huɗu-huɗu. Da yawa a nan sau biyu suke iyawa, wasu sau ɗaya, saboda kuɗi. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, amma ba kowa ke samun gurbi ba, ga magani da gwaji da kuɗin mota. Wanda ke kwana biyar ko shida tsakanin wanki da wanki yana buƙatar furotin kamar kowa, amma abin da jikinsa zai iya riƙewa na fotasiyam da ruwa kafin zama na gaba ya ragu ƙwarai. Don haka ma'aunin da muka bi a wannan sharhi ba yawan furotin kawai ba ne. Abin dubawa shi ne me ya biyo kowane giram na furotin a baya.

Abubuwa uku ke biyo shi. Fosforas, wanda idan ya taru yake kawo ƙaiƙayin da ba ya jin sosa, ya zare alli, wato kalsiyam, daga ƙashi ya shafa a jijiyoyin jini. Yawanci ana so mai wanki ya tsaya a miligiram 800 zuwa 1,000 a rana. Fotasiyam, wanda ke iya birkita bugun zuciya ba tare da sallama ba. Ga wanda gwajinsa ke hawa, ana yawan tsayar da shi a wajen miligiram 2,000 zuwa 2,500. Sai sodiyam, wato gishiri, mai jawo ƙishirwa da hawan jini da kumburi, wanda bai kamata ya wuce miligiram 2,000 zuwa 2,300 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a dukan abincin yini. A wannan ma'auni babu kamar farin ƙwai. Na ƙwai babba guda yana da giram 3.6 na furotin da miligiram 5 kacal na fosforas. Gwaiduwar tana da giram 2.7 na furotin da miligiram 66. Kofin madara yana ba da giram 8 na furotin amma da fiye da miligiram 200 na fosforas a bayansa. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi uku zai iya hasashen sauran sharhin nan da kansa.

Abin da ya fi komai kyau a kular shi ne wanda ta kira alalar ƙwai. Babu wake a ciki ko ƙwaya. Farin ƙwai 4 ne, da giram 50 na dafaffen ƙirjin kaza da aka yayyaga, da tattasai da albasa yankakku kamar babban cokali biyu, da cokali ɗaya na man gyaɗa, da citta da tafarnuwa. A kaɗa sama-sama, kada ya yi kumfa, a zuba a gwangwanin da aka shafa wa mai, a turara a madambaci minti 15 zuwa 18 a wuta kaɗan. Roba ɗaya tana ba da kimanin giram 30 na furotin, fosforas wajen miligiram 130, fotasiyam ƙasa da 400. Idan da dafaffen wake za a nemi giram 30 ɗin nan, sai an ci kusan giram 400, da fosforas wajen 600 da fotasiyam fiye da 1,000. Gaskiya ne fosforas na tsiro hanji ba ya tsotse shi duka, rabi ko ƙasa da haka yake shiga jini, amma fotasiyam ba ya yin wannan rangwamen.

Ɗanɗanon ya fi yadda mutum zai zata. Farin ƙwai shi kaɗai lami ne, to amma man gyaɗan da albasar da aka ɗan soya kafin a zuba sun rufa masa asiri. Wasu masu jinya na tsoron man gyaɗa saboda an hana su gyaɗa. Babu dalili: fosforas da fotasiyam a tunkuzar suke zama, ba sa bin mai, kuma majinyacin da ba ya iya cin da yawa yana buƙatar ƙarfin da man ke bayarwa, in ba haka ba jiki zai ƙona furotin ɗin a matsayin makamashi maimakon ya gina tsoka da shi. Inda alalar ke kuskurewa shi ne idan wuta ta yi yawa. Farin ƙwai yana ɗaurewa ya matse ruwansa waje, sai a buɗe roba a tarar da abu kamar soso yana iyo. Haka ma idan aka ɗumama ta da ƙarfi a gida. A mayar da ita madambaci minti 5, ya isa.

Dambun kazar yana biye da ita, kuma a nan ne ake gane ta nemi sani. Yadda aka saba, ana dafa naman da magi da gishiri har ruwan ya tsotse a jikinsa, sannan a daka a soya. Wannan yana nufin duk abin da ya fita daga naman ya koma cikinsa. Ita kuwa tana yanka naman sirara, ta dafa a ruwa mai yawa kamar rabin awa, ta zubar da romon, sannan ta daka ta soya da citta da kanumfari da masoro da albasa. Tafasa a ruwa mai yawa tana fitar da kaso mai kyau na fosforas da fotasiyam, furotin kuma mafi yawansa yana nan. Kowace roba daga giram 100 na ɗanyen ƙirjin kaza take, kimanin giram 22 na furotin. Kazar ma ɗanyar yanka ce, ba ta kwali mai ƙanƙara ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Naman da aka sarrafa a masana'anta sau da yawa ana yi masa allurar ruwan gishiri mai sinadarin fosfet don ya riƙe nauyi, kuma irin wannan fosforas na ƙari kusan gaba ɗayansa yake shiga jini. Shi ne dai ke cikin tsiran-alade na kanti da lemon kwalba baƙi. A duk abin da ke da takarda, a nemi kalmar da ke ɗauke da haruffan PHOS a jerin kayan haɗi. In an gani, a ajiye.

Laifin dambun ɗaya ne: attarugu ya yi yawa. An fahimci dalili, an cire magi sai aka nemi abin da zai cike gurbi. Amma busasshen nama mai yaji yana kiran ruwa, mai wanki kuwa ruwansa a ƙirge yake, galibi adadin fitsarin da ya yi a yini a ƙara masa mililita 500 ko abin da likitansa ya yanke. A rage attarugun rabi, a matsa lemon tsami a kai lokacin ci. Kuma kada wani ya ba ta shawarar gishirin kanti da ake tallatawa ga masu hawan jini a matsayin maras sodiyam. Fotasiyam ne aka sa a madadinsa. An gudu ba a tsira ba.

Farfesun karfasa yana da daɗi, amma an yi shi kamar na mai lafiya. Kifin kansa babu laifi: giram 100 dafaffe yana da giram 26 na furotin, fosforas wajen 200, fotasiyam wajen 380. Romon ne matsalar, kusan kofi guda a kowace roba, rabin ƙarin ruwan da aka yarje wa wasu a yini, kuma a cikinsa abin da ya fita daga kifin ya taru. Sannan akwai cokalin garin kirefish a jerin kayan haɗin. Shi da ɓawonsa ake niƙa shi, yana da fosforas da gishiri, ba shi da gurbi a wannan tukunya. Wanda ya riga ya saya ya ci kifin ya bar romon, cokali biyu ko uku a kan shinkafa ya wadatar. Da ta gasa kifin ko ta turara shi da albasa, da an huta da wannan duka.

Awarar ta wuce gwaji saboda dalilin da mutane ba su cika kawowa a rai ba. Da ruwan tsamin kamu take tsinka ta. Wasu masu awarar sayarwa alif suke sawa domin yana da arha kuma yana saurin haɗa ta, shi kuwa alif gishirin alminiyam ne. Ƙoda mai lafiya tana fitar da ɗan abin da ya shiga jini, wadda ta gaza ba ta iyawa, sai ya taru a ƙashi da ƙwaƙwalwa a hankali. Mai wanki bai kamata ya ci awarar bakin titi da bai san da me aka tsinka ta ba. Ta Hajiya tana ba da giram 10 zuwa 15 na furotin a giram 100, gwargwadon yadda aka matse ta, kuma yawancin fotasiyam ɗin waken suyar ya tafi da ruwan da aka tace. Yanka huɗu sau biyu a mako ba laifi, musamman ga wanda ƙwai ya fara gundurarsa, kuma zai gundure shi.

Akwai tsire, amma ba a barbaɗa masa ƙuli-ƙuli ba, sai citta da barkono da tafarnuwa da mai. Lafiyayye ne, sai dai duk wanda ya san tsiren Obalende zai ce gasasshen nama ne kawai aka soke a tsinke. Ba ta sa hanta ko kayan ciki a komai, kuma daidai ta yi, domin soyayyar hantar saniya tana kusan miligiram 500 na fosforas a giram 100. Ba ta sa ganda, wadda furotin ɗinta ba mai gina tsoka ba ne. Farar shinkafa da kabeji ke raka yawancin robobin. Ba kanwa a komai. Wannan ɓangaren da ba na zaƙi ba, in aka cire farfesun, ana iya ba mai wanki shi da kwanciyar hankali.

A kayan zaƙi ne gizo ke saƙar.

Abu na farko alewar kumfar ƙwai ce, wadda masu kek ke kira merang. Farin ƙwai 3, sukari giram 150, a buga har ya tsaya ƙyam, a ɗiɗɗiga a faranti, a busar a oben mai zafin digiri 100 na awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Yana fitar da guda 24. A lissafa: furotin ɗin kwaɓin gaba ɗaya giram 11 ne. Robar da ke da guda 6 ba ta kai giram 3 ba, amma tana ɗauke da sukari giram 37, kusan ƙaramin cokali tara. Alewa ce mai kyau ga mai ƙoda, tunda babu fosforas ko fotasiyam na a zo a gani, kuma tana taimakon wanda ke ramewa. Amma kiranta mai yawan furotin zalunci ne ga kalmar. Kuma kada a manta cewa ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen kai mutane na'urar wanki, don haka da yawa daga masu sayen nan ba su da hurumin wannan robar kwata-kwata.

Abin yabo a nan shi ne da lemon tsami take tsayar da kumfar, ƙaramin cokali ɗaya. Littattafan girki farin garin nan da ake kira kirim ɗin tata suke cewa a sa, shi kuwa gishirin fotasiyam ne, ƙaramin cokali ɗaya yana kusan miligiram 500. Abin da ba ta shawo kansa ba shi ne iskar Legas. Merang yana tsotsar laima, kuma a garin da ke bakin teku, musamman da damina, awa kaɗan a buɗe ya isa ya mayar da shi danƙo. Ita kuma a kular ƙanƙara take saka shi tare da sauran, inda raɓa ke zuba. Ya kamata ya huce a cikin oben a rufe, a zuba a kwalba mai murfin da iska ba ta shiga, a aiko shi daban a leda.

Kek ɗin farin ƙwai ya fi shi ma'ana. Farin ƙwai 12, fulawa giram 125, sukari giram 300, ba gwaiduwa, ba bota, ba madara, ba bekin foda. Iskar da aka buga a cikin ƙwan ita ke tayar da shi. Rashin bekin fodar nan shi ne ribar: wasu nau'o'insa suna da fiye da miligiram 400 na fosforas a ƙaramin cokali, kuma irin wanda jiki ke tsotsewa duka ne, shi ya sa kek da fanke na kanti ke tayar da gwajin mutum bai san daga ina ba. Idan aka raba shi 12, yanka ɗaya yana da giram 4 zuwa 5 na furotin da fosforas ƙasa da miligiram 20. Yana da laushi, ba ya kiran ruwa da yawa. Mai son gwadawa a gida ya lura da abu uku: ɗigon gwaiduwa ko maiƙo a kwano yana hana kumfar tashi, ba a shafa wa gwangwanin mai, domin kwaɓin jikinsa yake kamawa ya hau, kuma ana kifa shi ya huce a kife, in ba haka ba ya zauna. Sukarin za a iya rage shi zuwa giram 200 ba tare da kek ɗin ya lalace ba, kuma ya kamata ta yi hakan.

Wanda ya cika sunansa shi ne turararren ƙwai da ruwan shinkafa. Ana jiƙa farar shinkafa, a markaɗa, a tace, a dafa ruwan har ya yi kauri kamar madara, a bar shi ya huce. A haɗa mililita 150 da farin ƙwai 3, babban cokali ɗaya na sukari, ɗan kirfa ko fileba, a tace ta rariya don kumfa ta fita, a rufe kofin, a turara a wuta kaɗan minti 20. Yana fitowa sumul kamar kastad. Giram 11 na furotin, fosforas ƙasa da miligiram 50. Da da madara da cikakken ƙwai aka yi shi, da ya haura 300. Idan aka zuba ƙwan a ruwan shinkafa mai zafi zai daskare ya yi gudaji, wannan ne kuskuren da aka fi yi. Abin tunawa kawai shi ne yana shiga lissafin ruwan yini, a ƙirga shi kamar ƙaramin kofi. Ga wanda ya dawo daga wanki a gajiye, bakinsa ba ya son nama, babu abin da ya fi wannan sauƙin haɗiya a duk kular.

Sai kuma wanda ya kamata a cire daga jerin yau ɗin nan: dunƙulen madara da dabino. Tuwon madara ne aka cuɗa da markaɗaɗɗen dabino maimakon sukari, guda 4 a roba, kuma an ce shi ya fi tafiya. Ba abin mamaki ba ne, yana da daɗi, yana tuna wa mutum gida, kuma dabino yana da daraja a wurinmu. Ga lissafin dai. Takardar ta nuna garin madara giram 80 da dabino giram 60. Garin madara mai cikakken maiƙo yana da giram 26 na furotin a giram 100, da fosforas wajen miligiram 780, da fotasiyam wajen 1,300. Dabino yana da fotasiyam wajen 650 zuwa 700 a giram 100. Robar nan ke nan tana ba da furotin giram 21, amma da fosforas fiye da 600 da fotasiyam kusan 1,450. Kashi biyu cikin uku na fosforas ɗin yini da fiye da rabin fotasiyam, a abin da mutum zai cinye yana hira. Ga wanda ya yi wanki Talata ba zai koma ba sai Litinin, wannan ba kwalama ba ce, haɗari ne. Alamar hawan fotasiyam takan zo da nauyin ƙafa, da jin kamar kiyashi a leɓe da yatsu, da bugun zuciya da ya sauya, wani lokaci kuma ba ta zuwa da komai. Niyyar ta gudun sukari ce, amma a wurin mai wanki cokalin farin sukari ya fi dabino uku aminci. Hukunci ɗaya ne ga danginsa da ba ta sayarwa amma masu dubiya ke kawowa: gullisuwa, iloka, kantun riɗi, kunun gyaɗa, kunun aya, fura da nono cike da kwano, ayaba, ruwan kwakwa. Da azumi, dabino ɗaya na buɗa baki ga wanda gwajinsa ke daidai wani abu ne daban, a tambayi likita. Roba guda kuma wani abu ne.

Ƙanƙarar abarba ita ce ta ƙarshe. Abarba tana cikin 'ya'yan itace masu sauƙin fotasiyam, wajen miligiram 110 a giram 100, ayaba kuwa ta haura 350. An yi ta ƙanana, mililita 30 kowace, kuma tsotsar guda ɗaya tana kashe ƙishirwa fiye da kurɓar rabin kofi. Babu furotin a ciki, ba ta kuma yi da'awar akwai ba. Sai dai ba kullum take isowa a daskare ba.

Wannan ya kawo mu ga aike. Daga Agege zuwa Mile 12 ko Idi-Araba, in gosulo ya kama, tafiyar na iya cin awa biyu, ɗan aiken kuma ba gida ɗaya yake zuwa ba. Abincin ƙwai da kaza bai kamata ya wuce awa biyu a waje da sanyi ba, in zafi ya haura digiri 32 ma awa ɗaya ne. Garkuwar jikin mai wanki ba ta da ƙarfi, gudawa da amai kuma suna birkita masa gishirin jini cikin sauri. Idan kula ta iso, a taɓa robobin: in ba su da sanyi, ƙanƙarar ta narke ƙaf, kada a karɓi alala da turararren ƙwai. Su biyun a ci cikin kwana biyu, alhali tazarar aiken kwana uku zuwa huɗu ce, kuma wannan in firji na samun wuta ke nan. Gidan da NEPA ke wasa da su ya fi musu su karɓi dambu da kek, waɗanda ke jurewa, su riƙa yin alalar da kansu kullum, tunda ga yadda ake yi a sama. Ba ta rubuta ranar girki a robobin, kuma ya kamata.

Kuɗin ya fi na abincin buka nesa, kuma ana ganin dalili, tunda kason rana ɗaya yana cin ƙwai bakwai ban da kaza, gwaiduwar kuma ba ta shiga. Gidan da ke da mai girki da lokaci zai rage kuɗin sosai, yara su ci gwaiduwar. Amfanin Hajiya ya fi fitowa ga baƙon da ya zo jinya ba shi da murhu, da magidancin da iyalinsa ke Arewa.

Mai yin oda ya rubuta mata abu biyar ko da ba ta tambaya ba: an fara wanki ko ba a fara ba, sau nawa a mako, nauyin majinyacin bayan an cire ruwa, ko yana da ciwon suga, da sakamakon fotasiyam da fosforas na ƙarshe. In fotasiyam ya haura 5.5, ko fosforas ya haura 5.5 a ma'aunin miligiram, a kai takardun robobin wa masanin abinci na asibitin da ake wankin ya duba kafin a ci gaba. A ce mata a cire dunƙulen madara, a mayar da farfesun gasasshen kifi, a ƙara turararren ƙwai a gurbinsu. Wanda aka rubuta wa ƙwayar kama fosforas, ko ta alli ce ko sebelama, ya sha ta a tsakiyar cin abincin, ba bayan awa ɗaya ba, domin a cikin hanji take haɗuwa da fosforas ɗin ta fita da shi. Dambun da aka ci da la'asar a matsayin taɓa-ka-lashe ma abinci ne, yana buƙatar tasa ƙwayar in likita ya tsara haka. Kek da merang da ƙanƙarar abarba ba sa buƙata.